Salansar da Baba Ya Zaɓa

In dai ina numfashi, ba na jin akwai ranar da zan manta da rakiyar da na yi wa mahaifina zuwa sayen salansar mota, da kuma abin da ya same mu a bakin kadarko sanadiyyarta. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in ina tafiya a titi wata mota ta yi ƙara tau a bayana, sai in tsaya cak in waiga.

Mahaifina mutumin Damagaram ne. Aikin gwamnati ya kawo shi Yamai tun ban san kaina ba, ya gina gida a Bukoki, nan muka tashi. Da ya yi ritaya daga aikin malamin gona sai ya sayi garka a Gudel, bakin gulbi, yana noman ganyen salati da shu, wato kabeji, da tumati da zogale. Yana da wata tsohuwar akori-kura fara mai shan esansi, wato fetur, irin wadda muke ce wa bashe, da ita yake kwaso kayan garka zuwa kasuwa. Ni ce babbar ɗiyarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai ya ce uwata. Ƙannena maza biyu duk aiki ya yi nisa da su, ni kuma ina aure a Lamorde, ƙetaren gulbi. Saboda haka duk abin da ya taso a gida, ni ake nema.

Wanda bai san Baba ba, ba zai gane dalilin kaɗuwata ba. Mutum ne da ya tsani hayaniya. Muna yara, in ya shigo gida rediyo ma sai an rage mata murya. Ƴan kabu-kabun unguwarmu sun san shi, in sun zo ƙofar gidanmu kashe babur suke yi su tura. Magana ma a hankali yake yin ta, sai ka matso kake ji.

A daminar shekarar da abin ya faru, ruwan da ke kwanciya a hanyar Gudel ya cinye salansar motar. Tsatsa ta huda ta, ya ɗaure da waya, motar tana ta ƙugi kamar tsohon injin niƙa. Ya daɗe yana yawo da ita haka, abin da ya ba ni mamaki, don ba halinsa ba ne. Rannan dai tiyon salansar ya ɓalle gaba ɗaya ya faɗi a hanya. Wata Asabar Inna, mahaifiyata, ta kira ni a salula ta ce Baba na son in raka shi wajen masu kayan mota. Na ce, "To shi me ya hana ya kira ni da kansa?" Ta ce, "Ke ma kin san kwanan nan ba ya son waya."

Mai shagon da muka je wani mutumin Maraɗi ne mai fara'a, ga gareji nan manne da shagonsa. Ya shimfiɗa mana salansa iri uku a ƙasa, ya tsuguna yana nuna mana.

"Alhaji, wannan ita ce irin ta asali, sabuwa fil. In aka sa ta, motarka sai ta koma kamar kyanwa, ba mai jin tafiyarta. Wannan ta biyu okaziyo ce, an ciro ta daga wata mota, tana da sauran ƙarfi, amma ba zan rantse maka a kan damina biyu ba. Wannan kuwa," ya yi dariya ya ture ta gefe da ƙafa, "ba taka ba ce. Ta samari ce, masu son a san sun wuce."

Ta ukun ta farin ƙarfe ce mai sheƙi kamar madubi, bakinta ya yi faɗin da hannuna zai shige. Ni ma dariya na yi. Na ce a sa ta asalin, magana ta ƙare. Baba ya dubi bakina, ya dubi mai shago, ya gyaɗa kai.

Makanike ya ɗaura ta don gwaji kafin a yi walda. Baba ya shiga ya murɗa makulli, inji ya tashi lafiya lau, sumul, sai ɗan huci. Ina cikin yaba wa mai shago sai muka ji ƙarrr. Baba ya sake murɗa makulli alhali mota na kunne. Makanike ya zabura ya ce, "Alhaji, ai ta tashi!" Na ɗauka sabo ne da tsohuwar ƙara. Ya ja motar ya zagaya bayan kasuwa, muna hangensa tana fizga tana tsayawa kamar a hannun ɗan koyo, mutumin da ya fi shekara arba'in yana tuƙi. Da ya dawo fuskarsa a murtuke take, zufa ta jiƙa masa hula. Ya fito ya nuna mai sheƙin da yatsa.

"A gwada mini waccan."

Mai shago ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Alhaji, wasa kake yi?" Baba ya ce, "A gwada."

Da aka ɗaura ta ya tayar da inji, wallahi na ɗauka rufin kwanon garejin zai sauko. Tantabarun da ke kan waya suka watse, mai shayin da ke gefe ya zubar da rabin butarsa, mutane suka fito daga shaguna suna leƙe. Na toshe kunnuwa na duba cikin motar, sai na ga abin da ya fi ƙarar girgiza ni. Baba murmushi yake yi. Ya kwantar da kai a jikin kujera, ya taka totur ya saki, ya sake takawa, fuskarsa ta washe kamar ta wanda aka yi wa albishir.

Mai shagon nan mutumin kirki ne, bai ɓoye komai ba. Ya sunkuya ta taga ya ce, "Alhaji, in gaya maka gaskiya, injinka ya tsufa. Irin wannan in ka ɗaga ƙafa daga totur da sauri, harbi take yi kamar bindiga. Ga yadda gari yake yanzu." Baba yana kallon gaba bai ce masa uffan ba. Na zagaya na tsaya a gabansa na ce, "Baba, don Allah, wannan ba girmanka ba ne. Me mutane za su ce?" Ya dube ni da kyau ya ce, "Uwata, motata ce. Ita nake so."

A gidanmu in Baba ya ce haka, an rufe magana. Aka yi walda, muka taho. Tun daga kasuwa har Bukoki kaina a sunkuye yake, na ja mayafi na rufe rabin fuska.

Kafin mako ya zagayo unguwa ta ɗauka. Aka laƙaba wa motar suna Aradu. In zai fita garka da safe, jarirai farkawa suke yi. Ƴan kabu-kabun da ke tura babur a ƙofarsa yanzu tafa masa suke yi suna cewa, "Sai Alhaji!" Liman ya aiko a asirce a ba shi haƙuri saboda marasa lafiya. Inna kuwa ta zaunar da ni a ɗaki tana share hawaye. Ta ce, "Ba motar ce ta dame ni ba. Mahaifinku ya canza. In yi masa magana yana tsakar gida, ko ya waiwayo. Ya daina zama hira da abokansa, daga masallaci sai ɗaki. Jiya na ce masa ƙanwarsa ba ta da lafiya, ya ce mini madalla." Na kira ƙannena muka yi shawara. Dukkanmu abu ɗaya ya zo mana a rai, ba wanda ya iya faɗinsa da ƙarfi: ruɗewar tsufa ta fara taɓa Baba. Muka tsayar da cewa in sun zo hutu za mu karɓe makullin motar da dabara.

Ba mu kai ga haka ba.

Wata Lahadi na bi shi garka don in samo zogale da salati. Bayan la'asar ya ce zai kai ni gida Lamorde. A lokacin gari yana cikin ɗar-ɗar, an girke jami'an tsaro a manyan mararraba, musamman hanyar hawa kadarko, suna tsayar da motoci ɗaya bayan ɗaya suna dubawa. Muna isowa wurin akwai cunkoso, ga masu tallan soyayyen kifi da ruwan sanyi, ga ƴan makaranta masu komawa jami'a. Wata babbar mota tana gabanmu ta tare mana gani. Da ta kauce ta yi dama, hanya ta buɗe, Baba ya taka.

Na ji usur daga gefe. Na waiga na ga jami'i ya ɗaga hannu yana gudu yana biyo mu. Na ce, "Baba, an tsayar da mu." Idonsa na kan hanya. Usur ya ƙaru, biyu, uku, daga ko'ina. Na ɗaga murya, "Baba, tsaya!" Ko gezau. Mun wuce gangunan da aka jera, muna nufar kadarko. Ban san lokacin da na cafke masa hannu na girgiza ba. Ya firgita ya ɗaga ƙafa daga totur lokaci guda ya danna birki.

Tau! Tau-tau! Tau!

Ban taɓa ganin wuri ya hargitse cikin ƙiftawar ido irin na ranar ba. Mata suka watsar da farantan kifi suka kwanta a ƙasa. Masu babura suka yar da su suka faɗa kwalbati. Wata mata da goyo ta durƙusa ta rufe ɗanta da jikinta tana salati. Da na ɗago kai, bakunan bindigogi ne ke kallonmu ta gaba da ta gefe. Jami'an sun ɓuya bayan ganguna da buhunan yashi suna ihu, wani da Faransanci, wani da Zabarmanci, wani da Hausa.

"A kashe mota! A fito da hannuwa! Kar wanda ya motsa!"

Na fito da hannuwana ta taga. Injin bai mutu ba, yana ta ruri. Na juya wajen Baba, sai na ga ya sunkuya yana miƙa hannu zai buɗe akwatin gaban mota inda yake ajiye takardu. Shi a tunaninsa permi, wato lasisin tuƙi, za a tambaye shi. Su kuwa abin da suke gani, direban da ya ƙi tsayawa, aka ji harbi daga motarsa, yanzu ga shi yana laluben wani abu a ƙasa. Na ji ƙarar ɗana bindiga, ƙaras, ƙaras. Wannan sautin ko a kabari aka tashe ni zan gane shi.

Na dawo da hannu ɗaya na tallafo haɓarsa na juyo da fuskarsa gare ni. Abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, taɓa fuskar mahaifina. Na ce, "Baba, kar ka motsa, za su harbe mu." Ya ƙura wa leɓɓana ido. Sai a lokacin ya hango bindigogin ta bayana. Idanunsa suka cika da ruwa, ya ce da wata ƙaramar murya:

"Uwata, me suke cewa? Ba na ji. Wallahi ba na jin komai."

Kamar an kwara mini ruwan randa. Na miƙa hannu na murɗe makulli, inji ya mutu, wurin ya yi tsit. Na zura kai ta taga na yi ihu iya ƙarfina, "Kar ku harba! Tsoho ne, ba ya ji! Salansa ce! Mahaifina kurma ne!" Ina faɗa ina jin kalmar tana dukan kunnena, don ni ma a daidai lokacin nake samun labari.

Wani babba a cikinsu, mai furfura a gemu, ya ɗaga wa sauran hannu. Ya tako a hankali, bindigarsa na kallon ƙasa. Ya sa muka fito muka zauna a gefen titi, hannuwa a kai. Baba da farar rigarsa a cikin ƙura, hularsa ta faɗi, ba damar ɗauka. Aka bincike motar ciki da waje, ba komai sai salati da zogale da buhun taki. Wani ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashi ya taɓa bakin salansar ya girgiza kai. Babban nasu ya zagaya ya tsaya dab da bayan Baba, ya busa usur da ƙarfin da ni sai da na zabura. Baba ko ƙyafta ido bai yi ba.

Mutumin ya cire usur daga baki ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya sunkuya ya ɗauki hular ya kakkaɓe, ya miƙa masa da hannu biyu. Ya juyo gare ni, da Hausarsa ta Zabarmawa ya ce, "Madam, ki gode Allah. Yaron can sabon ɗauka ne, yatsansa ya riga ya hau kunamar bindiga. Da tsoho ya buɗe akwatin nan, yanzu wata magana ake yi." Ya tambaye ni ko ina da permi, na ce ina da shi. Ya ce, "Ke za ki tuƙa. Wannan abu kuma a cire shi. Ki kai shi likita, ni ma ina da uba."

Ban san yadda na haye kadarkon nan ba. Ƙafata na kan totur, ina tsoron in saki ta sake harbi. Baba yana gefe ya juya fuska wajen ruwa.

A gidana na shimfiɗa masa tabarma a inuwa, na kawo ruwa. Bai sha ba. Na zauna a gabansa sosai yadda zai ga bakina, na ce, "Baba, tun yaushe?"

Ya ce abin ya daɗe. Da farko kukan tsuntsayen garka ne ya ɓace, sai muryoyin mata da yara, sai ya zamana in mutum ba ya gabansa bai san ana magana ba. Ya koyi karanta baki. A masallaci mutumin da ke kusa da shi yake kallo ta wutsiyar ido, in ya yi ruku'u shi ma ya yi. In an yi dariya a majalisa sai ya yi, har ya gaji ya daina zuwa.

"Abu ɗaya ya rage mini da nake ji," in ji shi, "ƙugin motar nan da salansarta ta fashe. Da shi nake sanin lokacin canza bitesi, wato giyar mota. Ranar da aka sa mai shirun, na murɗa makulli na ji kamar an saka ni a rami an rufe. Da aka sa ɗayar kuwa na ji ta har cikin ƙirjina. Na ce ashe da saurana."

Na ce, "Me ya sa ba ka gaya mana ba?"

Ya murza bakin tabarma da yatsa. "Na ga yadda aka yi wa abokina da idonsa ya raunana. Ƴaƴansa suka karɓe makulli, suka sayo masa kujera suka ajiye a zaure. Don ƙauna suka yi. Bai shekara ba. In kuka raba ni da garkar nan, uwata, me zan tashi in yi da safe?"

Shawarar da ni da ƙannena muka yanke ke nan.

Washegari na kai shi wajen likitan kunne. Aka wanke, aka gwada, aka ce kunne ɗaya ya tafi, ɗayan kuwa da saura, za a iya taimaka masa da ɗan apare da ake maƙalawa a bayan kunne. Ranar da aka sa masa muka dawo gida, Inna ta fito daga madafa ta ce, "Sannunku da zuwa, an dace?" Yana ba ta baya yana cire takalmi, sai ya tsaya cak. Ya juyo ya ce, "Sake faɗi." Ta sake. Ya ce, "Ashe muryarki na nan yadda na bar ta." Inna ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da zane. Daga baya ta gaya mini ita duk tsawon lokacin nan ta ɗauka ya gaji da ita ne.

Muka koma wajen mai shago aka yanke mai sheƙin aka sa ta asalin. Da na ba shi labari ya riƙe baki ya daɗe yana salati. Ya ce, "Ni da na yi ta yi masa bayani ta taga, ashe da iska nake magana." Baba ya tayar da mota, ya karkata kai yana saurare da kunnensa mai apare, can ya ce, "Ina jin ta. A hankali take magana, amma ina ji." Likita ya yarda ya ci gaba da tuƙi da rana a hanyar da ya sani, daga Bukoki zuwa Gudel. Ƙetare gulbi kuwa ni ke zuwa in same shi. Makullinsa na aljihunsa har yau.

Abin da na ɗauka daga wannan al'amari shi ne, in mutumin da ka sani shekara da shekaru ya aikata abin da bai yi kama da shi ba, akwai dalili a ƙasa, kuma sau da yawa ciwo ne yake ɓoyewa. Unguwa ta yi dariya, liman ya yi aike, mu ƴaƴansa mun yi shawara ta waya, kowa ya yanke hukuncinsa, amma sai da bindiga ta kalle mu kafin wani ya zauna gaba da gaba da shi ya tambaya. Tsofaffinmu ba su iya cewa na kasa ba, sun gwammace a kira su masu taurin kai. Wanda duk yake da tsoho a gida, in ya ga ya sauya, kar ya tsaya tattaunawa a kansa a bayan idonsa. Ya je ya zauna inda zai ga fuskarsa, ya tambaye shi abin da ke damunsa, tun ana iya tambaya cikin kwanciyar hankali.